Arzika Baduku da Takalmin Guguwa

Duk wanda ya zauna Tudun Wada ta Gusau a shekarun nan da aka ba Zamfara jiha, in ya ce bai san Arzika baduku ba, to ko dai ba ya sa takalmi ne, ko kuma ƙarya yake shararawa. Rumfarsa tana gefen titi, jingine da teburin amininsa Bawa mai shayi. Kwano biyu masu tsatsa a sama, tabarma ɗaya a ƙasa, sai tarin takalman da masu su suka kawo gyara suka manta da su. Gajere ne, baƙi, mai ɗan siririn gemu, kullum da basilla a soke a hularsa. In kuna gaisawa ba ya kallon fuskarka. Baƙo sai ya ɗauka ladabi ne ya yi masa yawa. Ina! Ƙafarka yake kallo.

A Bungudu aka haife shi, gidan dukawa, kuma a hannun kawunsa ya koyi sana'a, tun lokacin da aikin baduku shi ne jakar fata da kuben wuƙa da takalmin ƙirgi. Kawun nan mutum ne mai barkwanci. In aiki ya yi sauƙi sai ya ɗauki takalmin wani, ya kifa shi, ya ce, "To, mai wanga takalmi, mi ne halinai?" Shi tsohon raha yake yi don rana ta wuce. Arzika kuwa ya ɗauki abin da gaske, ya riƙe shi hannu bibbiyu, har ya girma, ya auri Dije, ya kwaso kayan aikinsa ya dawo Gusau inda ƙafafu suka fi yawa.

Kafin furfura ta fito masa ya riga ya kammala iliminsa, ba mai ƙara masa, ba mai rage masa. Wanda ya take bayan takalminsa ya mai da shi silifa, a wurin Arzika rago ne, kada ka ba shi ajiya ko ta allura. Wanda dunduniyarsa ta cinye ta ciki, mai ƙumbiya-ƙumbiya ne. Amma wanda ya fi ƙi shi ne mai dunduniyar da ta zaizaye ta waje, ga hancin takalmin duk ya kwarzane. Wannan, in ji shi, mai zafin zuciya ne, yana tafiya kamar ana binsa, kuma in ransa ya ɓaci ko ƙofa ce sai ta sha shuri. Wani lokaci yakan dace, sai labari ya zagaye unguwa. Waɗanda bai dace ba kuwa ba wanda ke tunawa da su, balle shi. Har ta kai masu 'ya'ya mata sukan zo su raɗa masa ya ɗan leƙa ƙofar masallaci ya duba musu takalmin mai neman 'yarsu. Yana jin daɗin wannan fiye da shayin Bawa, wanda dama kyauta yake sha.

Sai abin ya biyo ta gidansa.

Ladidi ce autarsa, kuma 'yar lelensa. Ita ke murza masa zare da kakin zuma kowace safiya, tana 'yan waƙe-waƙenta a tsakar gida. Wani saurayi mai suna Bello, manomi ne a Tsafe, ya gan ta wurin wani biki, suka daidaita. Yakan zo zance ranar Juma'a bayan la'asar, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya shiga. In ya ji motsin Arzika sai ya durƙusa, babbar rigarsa ta baje a ƙasa, kansa a sunkuye har tsohon ya wuce. Ladabi kam ba a magana. Amma wata Juma'a da Arzika ya dawo daga rumfa, hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi, ya ɗauki takalmin nan sau-ciki mai ruwan ƙasa ya kifa. Dunduniya ta zaizaye ta waje. Hanci duk ya kwarzane. Ya ajiye shi da sauri.

Ya shiga gida ya sami Dije tana tsince shinkafa. Ya ce, "Ban ba shi ɗiyata. Wanga yaro mai zuciya ne. Ranar da gishiri ya yi yawa a miya, ɗiyata za shi shura."

Dije ta ce, "Malam, takalmin nan fa da ka gani..."

"Ke Dije! Ke kin san tukunya, ni na san takalmi. Na taɓa shigar maki madahi?"

Ta koma kan shinkafarta. Ta san mijinta, in ya hau dokin nan nasa ba mai sauke shi.

Manyan Bello suka zo daga Tsafe da goronsu da fara'arsu, Arzika ya ce a dakata, ana bincike. Aka dakata, aka yi ta dakatawa, har ruwa ya sauka aka yi shuka. Daga ƙarshe baffan Bello ya aiko cikin mutunci cewa in damina ta fita ba a ji komai ba, za su nema wa yaronsu wata a gida, kada ya tsufa a zauren mutane. Ladidi ba ta yi wa ubanta musu ba, ba irin tarbiyyarta ba ce. Tana nan tana murza zare kamar kullum, waƙar ce kawai ta daina. Shirun nan yana cin Arzika har cikin rai, don Allah ya sani yana son yarinyar nan. Amma a ganinsa cetonta yake yi.

A daminar nan kuwa gari ya haukace da ƙwallo. Bawa ya sayo wata tsohuwar talabijin baƙi-da-fari yana haɗa ta da batirin mota, cinikin shayi ya ninka. Kuma ba wanda ake magana kansa kamar Abdulaziz, wanda ake yi wa laƙabi da Guguwa. Shi ne ɗan wasan gaba na wata babbar ƙungiya, hotonsa har a tankin 'yan kabu-kabu. Gudu kamar an harba shi, in ya buga ƙwallo sai ka tausaya wa raga. Amma yana da wata ɗabi'a da ta raba kan majalisa. In ya ci ƙwallo, ba ya tsalle, ba ya rawa, ba ya ko ɗaga hannu. Abokansa na rungumarsa yana zamewa, ya sunkuyar da kai ya koma tsakiyar fili kamar wanda ya fasa tulun gidansu.

Bawa ya rantse girman kai ne. "Shina ganin ya hi ƙarhin murna! Mu muna nan muna zubar da shayi saboda shi, shi ko haƙorinai ba mu gani!" Wasu suka ce kunya ce. Wani ya ce matarsa ce ta hana shi dariya a gaban mutane, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Da musu ya ƙi ƙarewa sai aka juyo kan mai ilimin.

Arzika bai san kan ƙwallo ba, ko bugun kusurwa bai bambance da bugun gida. Amma an zo gonarsa. Ranar wasa na gaba ya jawo kujera 'yar tsuguno ya dasa a gaban talabijin, hancinsa kamar ya taɓa gilashi, ya tare wa kowa. Ana ta ihun "Malam Arzika, kanka!" ko a jikinsa. Mutane na bin ƙwallo, shi yana bin ƙafafu, ƙafafun da ba su fi ƙwayar wake ba, ga hoton yana rawa in iska ta kaɗa eriya. Da aka tashi ya miƙe yana dafa ƙugu, ya yanke hukunci.

"Ba girman kai ba ne, ba kunya ba ce. Zuciya ce. Ku dubi yadda shike dasa dunduniya ta waje. Wanga sunkuyar da kai da kuke gani, hushi ne shike haɗiyewa. Mutum ne wanda in ya shiga gida kowa ke shiga taitayinsa." Sannan ya ƙara da abin da ke cin ransa. "Irin ƙahwarsu guda da yaron nan na Tsafe."

Bawa ya dube shi ta gefen ido. Ya san Ladidi tun tana rarrafe.

Ana haka sai ga labari, ƙungiyar su Guguwa za ta zo Gusau wasa. Da hantsin ranar wasan wata doguwar mota ta tsaya a bakin rumfa, direban ya sauko da takalmin ƙwallo a leda. Ya ce an ce masa nan ne baduku mai kyawun ɗinki, Guguwa ne ya ba shi ya kawo, tafin ya ɓaɓɓake, a taimaka kafin azahar.

Kai! Ka ga Arzika a ranar nan. Kafin direban ya juya motarsa majalisa ta cika, har masu wucewa sun tsaya. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa tsumma, ya kifa takalmin a hankali. Haƙoran da ke ƙarƙashin dunduniya sun cinye ta waje sun bar na ciki. Hancin kuwa kamar ɓera ya kwana a kansa. Ya ɗaga shi sama yana juyawa don na baya su gani.

"Na faɗa maku ko ban faɗa ba? Ga shi rubuce! Wanga ba ƙwallo kaɗai shike shuri ba. Allah shi kiyashe mu da zama gida guda da mai wagga ƙahwa."

Aka yi ta jinjina masa. Ya zauna ya yi ɗinkin da bai taɓa yin mai kyawunsa ba, yana yi yana murmushi. A ransa kuwa cewa yake yi ga hujja ta zo har rumfa, yau sai Dije ta yarda, kuma wata rana Ladidi za ta gode masa.

Bayan azahar wani dogon saurayi ya sauka daga kabu-kabu, da farar jallabiya da silifa. Ba wanda ya kula shi sai da ya yi sallama, ya tuɓe silifan a bakin tabarma, ya durƙusa har ƙasa ya ce da Hausarsa irin ta Kanawa, "Baba, barka da aiki. Na zo karɓar takalmi ne, direbanmu ya tafi kai mutane fili." Ludayin shayi ya faɗi daga hannun Bawa. Guguwa ne da kansa.

Kowa na kallon fuskar da ya saba gani a tankin babur. Arzika, kamar kullum, ƙasa ya duba. Ya dubi ƙafar, ya dubi takalmin da ke cinyarsa, ya sake duban ƙafar. Ƙafa ce zabgegiya, faffaɗa, wadda ko da man shanu aka shafe ta ba za ta shiga takalmin nan ba.

"Yaro... wanga takalmi naka ne?"

"A'a, Baba. Na wani sabon ɗan wasanmu ne, daga Kudu ya zo, ba ya jin Hausa. Na ga yana ta juya shi ya rasa wanda zai tambaya, shi ne na karɓa na ba direba."

Wani can baya ya fara tari irin na mai danne dariya. Bawa dai bai iya barin dama ta wuce ba, ya matso yana goge hannu a riga ya ce, "Don Allah ɗan samari, raba mu da musu. In ka ci ƙwallo, mi ke hana ka murna?"

Guguwa ya yi ɗan murmushi yana sosa ƙeya. Ya ce, "Yayana gola ne, shi ya koya mini wasa. Na san yadda yake dawowa gida ranar da aka zura masa ƙwallo, ko abinci ba ya iya ci. To in na ci, sai in ga kamar shi ne a ragar. Ina jin daɗi fa, wallahi. Rawar ce ba na iyawa a gaban mutum."

Ya karɓi takalmin ya yaba ɗinkin, ya yi godiya, ya sa silifansa ya tafi. Ba wanda ya ci musun nan, Bawa ma bai dace ba. Amma Bawa shayi yake sayarwa, ba ilimin hali ba, saboda haka kunyar duk a kan Arzika ta sauka. Bai je kallon wasan ba. Ya naɗe tabarma tun rana na sama ya nufi gida, yana tafe yana tunani ɗaya. Ya taɓa ganin takalmin Bello, ya taɓa ganin Bello, amma bai taɓa ganin ƙafar Bello a cikin takalmin ba. Kullum takalmin na ƙofar zaure, ƙafar na ƙarƙashin riga.

Ya tarar da Dije tana tankaɗe. Ya daɗe a tsaye yana gyaran murya kafin ya ce, "Rannan kin fara wata magana kan takalmin yaron nan."

"Ni? Ai ni tukunya na sani."

"Haba Dije."

Ta ajiye rariya ta dube shi, dariya na cin ta, tausayinsa kuma na kama ta. "Malam, wane saurayin ƙauye ne ke zuwa zance birni da takalminai? Aro ne! Ladidi ta sani, ta ƙi faɗi don kada ta tona mashi asiri. Kai da kanka, sau-cikin da ka riƙa zowa da shi gidanmu a Bungudu, kana ɗingishi kamar ka taka ƙaya, na wa ne?"

Na kawunsa ne. Arzika ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya mayar.

Washegari da sassafe ya hau motar Tsafe, bai gaya wa kowa inda za shi ba. An yi ruwa da asuba, dutsen Kwatarkwashi ya wanku sai sheƙi yake yi, amma shi bai ɗaga kai ya duba ba. A Tsafe aka yi masa kwatancen gonar su Bello a bayan gari. Da ya isa bai yi sallama ba, ya raɓe gindin wata ɗorawa yana kallo.

Bello na huɗa da garmar shanu, wando naɗe zuwa gwiwa, ba takalmi. Ana cikin tafiya sai sa ɗaya ya turje, ya durƙushe a tsakiyar kunya ya ƙi tashi. Arzika ya gyara tsayuwa, ya ce a ransa yanzu za a ga zuciya. Ga bulala a rataye a kafaɗar yaron. Bello ya tsaya ya share zufa, ya zagayo ya tsuguna gaban san. Ya laluba wuyansa, ya gano inda igiya ta ci fata, ya kwance ta. Ya yage gefen tsohuwar rigarsa ya naɗa a wurin, yana yi yana yi wa san magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin ƙanensa. Sannan ya zauna a kan kunya ya jira. Sai da san ya ga dama don kansa ya miƙe. Arzika ya ji idonsa ya yi zafi. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya kama shi, ya rasa wanda ya fi yawa.

Da ya yi sallama, Bello ya waiwayo ya ga ko wane ne, saura kaɗan ya faɗa kan garma. Ya zube a cikin taɓo yana gaisuwa, don ya ɗauka an zo sallamarsa ne.

Arzika ya ce, "Takalmin da kake zowa da shi gidana, na wa ne?"

Bello ya ƙara nutsar da kai. Da ƙyar ya ce, "Na Bashiru ne, Baba. Abokina, yaron mota."

"Shina da faɗa?"

"...Kaɗan, Baba."

"Kaɗan ko?"

"Satin jiya dai ya ɓalla ƙofar shagon wani."

Arzika ya shafa gemu, ya ɗan ji sanyi a ransa. Ashe dai ba duka ilimin ne ya zube ba. Sannan ya ce, "Miƙo ƙahwarka in auna. Ba mai shiga gidana neman aure da takalmin aro kuma."

Nan fa ake yin ta. Bello ya ja da baya a durƙushe, ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashinsa. "Subhanallahi! Baba, ni in miƙa maka ƙahwa? Wallahi ban iyawa. Gara ka yanka ni." Da gaske yake, zufa har ɗiga take yi daga haɓarsa. Ina aka taɓa ganin uban yarinya ya kama ƙafar mai neman 'yarsa? Arzika ya yi faɗa, ya yi lallashi, yaro ya kafe. Daga ƙarshe ya ce masa to ya tashi ya je ya ba shanunsa ruwa. Bello ya miƙe ya bar wurin kamar an kunce ɗaurarre.

Inda ya taka, sawunsa ya fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Arzika ya karyo busasshen kara daga shinge, ya tsuguna, ya auna tsawon sawun ya karya daidai, ya auna faɗin ya yi tsaga da farce. Bai tsaya karanta komai a cikinsa ba. Ya soke karan a aljihu ya ɗaga murya ya ce, "Ka gai da baffanka. Ka ce mashi su zo."

Da la'asar ya iso gida, taɓo har idon sawu. Ladidi na zaune a ƙofar ɗaki, ta yi masa sannu da zuwa ba tare da ta ɗago ba. Ya ciro karan ya ajiye a kan tabarmar da take, kusa da hannunta.

"Gobe ki murza mani zare mai yawa, mai ƙarhi. Wagga ƙahwar manomi ce."

'Yar baduku ce, ta san abin da karyayyen kara mai tsaga yake nufi. Ta dubi karan, ta dubi taɓon da ke ƙafar ubanta. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suka fara rawa.

"To, mi ne na kuka kuma?" in ji Arzika, yana juya mata baya da sauri. "Dije! A ba ni ruwa, wani abu ya faɗa mani ido."